Diddigar Maganin Baotian

Zazzaɓin ya kama mijina Luo Baotian bayan an gama yankan shinkafa, kuma ya ƙi tafiya. Ba irin zazzaɓin nan ba ne mai kayar da mutum yana karkarwa, kowa ya san abin da ake ciki. Wannan ɗan rainin hankali ne. Da safe mutum zai tashi garau, goshi sanyi ƙalau, har ya fara nemana da faɗa a kan gishirin miya. Rana na karkatawa sai ka ga kumatunsa sun yi ja, tafin hannu ya ɗau zafi, ya lallaɓa kujerar gora ya kwanta yana nishi. Mun je asibitin gari, sun ɗura masa ruwa, sun ba shi ƙwayoyi. Zazzaɓin ya ɗan ja da baya, muna dawowa gida muka tarar ya riga mu isowa.

Ɗanmu Haitao ya bugo waya daga birnin da yake aiki, ya ce a sake komawa asibiti. Na ce to. Ina ajiye wayar na naɗa wa ubansa mayafi a wuya, na sa shi gaba sai shagon Malam Shen mai magani, can bayan kasuwa.

Malam Shen ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Baotian ya lumshe ido. Ya daɗe a haka, har na ɗauka barci ne ya kwashe shi. Can ya buɗe ido ɗaya.

"Fito da harshe. Hmm. Ja ne, kuma a bushe."

"Dama can haka yake, Malam," na ce. "Harshen nan bai taɓa samun hutu ba."

Bai yi dariya ba. Ya shiga jan 'yan akwatunan da suka cika bangon shagon, yana ɗebo wannan yana auna wancan. Ga tazargade, ga saiwoyi baƙaƙe masu danƙo, ga ɓawon itace, ga kuma gutsattsarin ƙoƙon bayan kififiya.

"Zafin ya shige can ciki ya ɓuya," in ji shi. "Ƙoƙon kififiya zai bi shi ciki ya kamo shi, tazargade ya buɗe masa ƙofa ya fita. Ƙoƙon za ki fara dafawa, ya daɗe a wuta. Tazargaden sai can ƙarshe, kar ki kashe shi da tafasa."

"Malam," in ji Baotian, "naman kififiyar fa? Ina aka kai shi?"

"Ba barkono," Malam Shen ya ci gaba kamar bai ji ba. "Ba giya. Ba kifi."

"To ai gara ka bar ni da zazzaɓina."

"Kuma a tukunyar ƙasa," ya ce da ni. "Ƙarfe yana cinye magani."

Nan fa ake yin ta. Tukunyar magani ɗaya ce tal a ƙauyenmu, baƙa, mai ɗan baki a gefe da mariƙi guda. Ba wanda ya san wa ya fara sayenta. Ba kuma wanda zai sayi wata, don ajiye tukunyar magani taka ta kanka neman ciwo ne da gangan. In ka gama da ita ba ka mayarwa, domin kai wa mutum tukunyar magani har gida daidai yake da kai masa cuta a hannu. Tana nan a wurinka har sai wani ya kwanta, a zo a ɗauka. Wanda ya yi amfani da ita na ƙarshe kuwa shi ne yayan mijina, Luo Baoshan, lokacin jinyar matarsa da ta rasu.

Gidan Yaya Baoshan yana manne da namu, a ƙarshen lungu. Lungun ba ya ɓullewa, don haka kullum ta ƙofarmu yake wucewa, kuma kullum da wuyansa a karkace yana kallon ɗaya bangon. Tun bikin Haitao bai ƙara ce mana uffan ba, ga shi yanzu ɗan Haitao har ya shiga makaranta. Abin da ya faru shi ne, da aka kawo babban kifi teburin manya, an ajiye shi daidai, kansa na fuskantar Yaya, kamar yadda ya kamata a yi wa babban gida. Sai Baotian, da kwaɗayin tsokar ciki, ya sa hannu ya juya farantin. Wutsiya ta koma tana nuna Yaya, a gaban dangin amarya kaf. Yaya ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya miƙe, ya fita. Baotian kuwa ya cinye tsokarsa. Har gobe cewa yake bai ga laifinsa ba, kifin ya riga ya mutu, bai san inda yake kallo ba.

Haka na wanke fuska na tafi. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana fere gora, dinyarsa na tsaye kusa da shi. Ƙaton agwagwan nan ne mai dogon wuya da mugun cizo, ya sa masa suna Janar. Tun rasuwar matarsa da shi yake hira.

"Yaya, ina kwana? Tukunya na zo ɗauka. Ƙanenka ba lafiya."

Bai ɗago ba. "Janar, ka ji wai ina da ƙane. Kai ka taɓa ganinsa?"

Janar ya miƙo wuya ya yi mini huci.

"Zazzaɓi ne, Yaya. Ya ƙi sauka."

"Janar, ka gaya wa matar mai juya kifi cewa tukunya na bayan randa. Ni ban ba ta ba, ban kuma hana ta ba. Ka ce mata gindin ya tsage, kar ta cika wuta."

Na ɗauko tukunyar na rungume. Ina juyawa Janar ya kafa mini baki a ƙwauri, da gudu na fito.

Na dafa magani yadda aka ce. Warinsa ya cika lungu, ruwan ya fito baƙi wuluk. Shan farko sai da muka yi dambe. Baotian ya kurɓa, ya ce an dafa masa tsohon takalmi. Na ce ko takalmin ne sai ya shanye. Ya ce in ɗanɗana in ji. Na ce ni ba ni na kwanta ba. Da ƙyar ya haɗiye, yana rantsuwa da kabarin kakansa cewa so nake in gaji gonar.

Sai maganar diddiga, wato jiƙaƙƙen ganye da saiwoyin da suka rage a gindin tukunya. Kowa ya san ba a zubar da ita a bola. A tsakiyar hanya ake zubawa, masu wucewa su taka, kowa ya kwashi ɗan guntun ciwon a tafin ƙafarsa ya yi gaba da shi. A gari abin ba wuya, baƙi sun yi yawa, kowa na sauri, ba mai kallon ƙasa. A ƙauyenmu kuwa kowa ya san warin tukunyar nan, kowa kuma ya san gidan da take.

Da sassafe na kai diddigar bakin lungu, inda ya haɗu da babbar hanya, na baza ta, na koma bayan ƙofa ina leƙe. Na farkon zuwa Kuang ne mai awara, da sandarsa a kafaɗa da kwanduna biyu suna lilo. Mutumin nan kullum kukan ciwon baya yake yi. Yana isowa ya ja birki, ya shinshina, ya ja da baya, ya taho da gudu ya daka tsalle. Ruwan awara ya watsu ko'ina, amma ko yatsa bai taɓa ba.

Na fito. "Kuang, ashe baya ya warke!"

"Uwar Haitao, ina yi wa maigidanki fatan sauƙi da zuciya ɗaya. Da zuciya, ban ce da ƙafa ba."

"Ɗan taku ɗaya fa! Ƙato kamarka, me guntun zazzaɓi zai yi maka?"

"In na kwanta ke za ki niƙa mini waken?"

Bayansa sai Goggo Tao, wadda ta shekara tana sa mu ɗebo mata ruwa saboda gwiwa. Ta tsaya ta dubi diddiga, ta duba hagu da dama. Da ta ga kamar ba kowa, ta soke sandarta a hammata ta tsallake, cak, ta dire a ɗaya gefen. Sannan ta zaro sandar ta ci gaba da ɗingishi. Mai kawo saƙo daga gari kuwa sauka ya yi daga kekensa, ya saɓa shi a kafaɗa, ya bi ta kunyar gona. Wai ko taya ba zai bari ta taɓa ba, don a ɗakin kwanansa yake ajiye keken.

Kullum haka. Ina zubawa, suna tsallakewa. Kafin wani lokaci mutane sun fitar da sabuwar hanya ta cikin gonar Kuang, har ciyawa ta mutu a wurin. Yara suka mayar da abin wasa, suna gasar wa ya fi tsalle, iyayensu na binsu da tsintsiya.

Wata rana baƙo ya shigo, mai wasa wuƙa, da bencinsa a kafaɗa. Na ce yau kam an dace. Na kwaso duk wuƙaƙen gidan har da almakashi, na tsaya a bayan diddiga ina yi masa murmushi.

"Ɗan'uwa, matso nan inuwa, ga shayi."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. "Inna, a garinmu ma ana zazzaɓi. Jeho su ɗaya-ɗaya."

Haka na tsaya ina jefa wa mutum wuƙaƙe, yana wasawa yana jeho mini. Ko ba komai na samu wuƙa mai kaifi.

Sai dabara ta zo mini. Ba wanda ya taɓa cewa dole ƙafar mutum ce. Na watsa tsabar shinkafa a kan diddigar don kajin maƙwabta su zo. Kaji kuwa suka zo, suka tattake ta sarai, suka tona, suka yi birgima a ciki. Ina ta murna, sai da suka ƙoshi suka jero suka nufi ƙofata na lura kajina ne. Suka shige tsakar gida, zakaran har ya haye hannun kujerar Baotian ya karkaɗe ƙafa. Ranar zazzaɓin ya fi na kullum zafi.

Da magani ya ƙare na koma wurin Malam Shen na kwashe komai na gaya masa, har da kajin. Ya ce shi maganin sha yake bayarwa, ba na takawa ba. Ya tambaye ni yadda barcin Baotian yake, da ƙishirwa, da cin abinci. Da na ce ci ya ragu sai ya yi shiru, ya ƙara wata saiwa, ya rage wata. Shirun nan nasa bai yi mini daɗi ba.

Gaskiyar magana, Baotian ya fara ƙarewa. Wandonsa sai da na ƙara masa igiya. Ya daina yi mini faɗa a kan gishiri. Magani ma ya daina gardama, sai ya kurɓi rabi ya ture kwanon ya juya fuska. Mutumin da na shekara arba'in ina roƙon ya yi shiru, ga shi ya yi, kuma gidan ya zama ba daɗi. Tsoro ya kama ni sosai, tsoron kuma ya koma haushi. Duk ƙauyen nan an sha shayinmu, an ari garmarmu, amma an rasa mai ba mu aron tafin ƙafa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na ƙarshen lungu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana wucewa da wuya a karkace, bai taɓa tambayar ko Janar yaya mai jiki ba.

Don haka na daina kai diddiga babbar hanya. Na baza ta a cikin lungu, tsakanin ƙofarmu da tasa, daga bango zuwa bango, da faɗin da ko Goggo Tao ba za ta iya tsallakewa ba. Na ce in dai dole wani ya ɗauka, to ga ɗan gida nan.

Yaya ya buɗe ƙofa da safe, ya gani, ya tsaya. "Janar, ka ga abin da ake kira zumunci," ya ce, ya mayar da ƙofa ya rufe. Jim kaɗan sai ga kan tsani ya leƙo ta saman katangarsa. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya hau, ya zauna a kan katanga kamar mai hawan jaki, ya jawo tsanin sama, ya zura shi ta ɓangaren gona, ya sauka. Da yamma ya dawo ta nan. Washegari ma haka. Mutane har suka riƙa fitowa da kwanukan kununsu suna kallo. Daga kan katangar nan ana ganin tsakar gidanmu tas, amma ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Ƙeyarsa kawai muke gani.

Ranar da abin ya faru, na karya dokar Malam Shen. Na samo kifi mai rai, na turara shi da citta da albasa, na kai wa Baotian har kujera, inda na fito da shi ya sha hantsi. Na juya masa tsokar cikin ta gabansa.

"Tsoho, ga mutuminka. Ba wanda zai gaya wa Malam."

Ya dubi kifin ya daɗe. "Ba wa kyanwa," ya ce.

Na ajiye farantin a ƙasa. Kyanwa ta zo ta fara ci a gabansa, ko tsawa bai yi mata ba.

Daidai lokacin Yaya yana kan katanga yana jan tsaninsa. Janar, wanda ya gaji da a bar shi shi kaɗai kullum, ya kama ƙafar tsanin da baki ya ƙi saki. Yaya na ja, Janar na ja. Tsanin ya kufce, ya wuntsila, ya faɗa cikin lungu, tsakiyar diddiga. Garin kai hannu ya cafke shi, Yaya ya juyo gaba ɗaya, sai ga shi yana fuskantar tsakar gidanmu, ba tsani, ba hanyar sauka, ba kuma inda zai kai idonsa.

Ya ga ƙanensa. Ya ga wuyan da ya zama sirit, da hannayen da ke kwance a kan bargo. Sannan ya ga kyanwa da kai a cikin faranti.

"Janar," ya ce, muryarsa ta canza. "Kifi ne wancan?"

Janar na can ƙasa yana ihu. Ni na amsa. "Kifi ne, Yaya."

"Janar, tambaye ta, ƙoshi ya yi?"

"Ko taɓawa bai yi ba."

Ya zuba wa ƙanensa ido daga kan katanga, ƙafafunsa na reto. Kunya ta kama ni. Na fita da gorar shanya, na tsaya a inda ba diddiga, na saƙalo tsanin na jawo shi, don wanda ke gida ɗaya da mara lafiya ba ya takawa, in ya taka, gida ciwon zai komo. Na jingina tsanin a saitin ƙofarmu, wuri mai tsabta. Yaya ya ja gindi a kan katanga har ya iso, ya sauko a hankali. Ga hanya nan a buɗe gabansa har bakin lungu, inda 'yan kallo suka yi cirko-cirko da kwanukansu.

Sai ya juya baya. Ya dubi diddigar, ya gyara ɗaurin wandonsa, ya ɗaga ƙafa ya dire a tsakiyarta.

"Wayyo!" in ji Goggo Tao. "Baoshan, ka haukace?"

Bai kula ta ba. Ya shiga takawa da ƙafa biyu, daga wannan bango zuwa wancan, yana kirɓa ta kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ƙoƙon kififiya na ƙara a ƙarƙashin takalminsa, baƙin ruwa na fallatsa har gwiwa. Yana yi yana zagi.

"Fito, ɗan banza! Matsoraci, mai zuwa da yamma! Ka rasa wanda za ka kama sai wannan ragon? Me ka samu a jikinsa ban da kwaɗayi? Zo nan in kai namiji ne! Ni na goya shi da ya yi ƙyanda, uwarmu ba ta da rai, a bayana ya yi ta amai, ban kamu ba. Kai ne za ka iya da ni? Hau! Hau mu tafi!"

Kuang ya ce, "Baba Baoshan, ya isa haka, ai ka kwashe har da na baɗi."

"Rufe mini baki, mai tsalle da awara!"

Sai da ya tabbata bai bar ko ganye ɗaya ba a taka ba, sannan ya tsaya yana haki. Takalman ƙyallen da marigayiya ta ɗinka masa sun jiƙe sharkaf. Na ɗauka gida zai koma ya wanke. Ina! Ya ce in ya shiga gida, katanga ɗaya ce tsakani, ɗan banzan zai haura ya koma inda ya fito. Gidan 'yarsa zai tafi, can hayin kogi, don bai taɓa jin an ce zazzaɓi ya iya iyo ba.

Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya. Ya waiga neman Janar, Janar na kulle a cikin gida. Ya yi gyaran murya, ya dubi gefen kunnena.

"Uwar Haitao, ki riƙa ba Janar abinci. Wancan kuma, in ya ƙi sha, ki toshe masa hanci ki ɗura masa. Haka nake yi masa."

Ya nufi bakin lungu. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane suka watse kamar an saki ɓauna, kowa na gudun kada mai ɗauke da zazzaɓi ya goge shi. Kuang ya faɗa gonar shinkafa da kwandunansa. Goggo Tao ta yar da sanda, ranar ko ɗingishin ba ta tsaya yi ba. Yaya kuwa ya bi tsakiyar hanya shi kaɗai, yana barin baƙin sawu a bayansa, har ya gangara mashigin jirgi.

Na koma ciki. Baotian ya ji komai, don lungun ba nisa. Ya ja bargo ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi. Na tsaya a gefensa. Can daga ƙarƙashin bargon ya ce, "Ina sauran takalmin da kika dafa?" Na miƙa masa kwanon. Ya shanye har gindi, bai ko yamutsa fuska ba.

Ba a ranar zazzaɓin ya tafi ba. A hankali ya riƙa makara, yau ya zo da la'asar, gobe sai rana ta kusa faɗuwa, wata rana ya leƙo kawai ya koma, har aka wayi gari muka jira shi bai zo ba. Malam Shen ya ce saiwar da ya ƙara ce ta yi aiki. Haitao ya ce a waya dama ciwon ya gama kwanakinsa ne. Na ce wa kowannensu haka ne. Ranar da Baotian ya ce miyata ba gishiri, sai da na shiga madafa na share hawaye, sannan na fito na zage shi.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Kullum sai ya aike ni mashigin jirgi in tambayi mai fito ko ya ji labarin hayi. Mai fito ya ce shi dai ya tsallakar da wani tsoho mai baƙin takalmi, wanda ya hana kowa zama kusa da shi. Baotian ya ce in wani abu ya sami Yaya, shi ya kashe shi. Ni kuwa na san wadda ta baza diddigar. Janar kuwa ya tare a gidanmu, yana cin shinkafata yana cizona.

Wata safiya Janar ya ɗaga wuya ya ruga ƙofa yana ihu. Na leƙa, sai ga Yaya tsaye a bakin dokin ƙofa, ya ɗaure kai da farin ƙyalle, yana dafe da ƙugu. Na ce shi ke nan, ya ɗauka. Sai da na matso na ga kumatun sun ciko, har wani sheƙi yake yi, da gani 'yarsa ta yi ta yanka masa kaji.

"Janar," ya ce, yana nishi da ƙarfi yadda za a ji a ciki, "ka gaya musu na zo ɗaukar tukunya. Zazzaɓi nake yi. Tun da ba a kawo wa mutum, dole na taso da kaina."

Baotian ya fito daga ɗaki yana riƙe da wando. Suka tsaya suna kallon juna, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Tukunyar na nan kife a kan dakali, kusa da ƙofa, inda na ajiye ta tun da na wanke. Ta bushe ƙamas, gizo-gizo har ya fara saƙa a mariƙin. Hannu kawai Yaya zai miƙa ya ɗauka ya tafi.

"Da zafi, Yaya," in ji Baotian. "Yanzu aka sauke ta daga wuta. Sai dai ka shigo ka zauna ta huce."

Yaya ya dubi tukunyar. Ya dubi gizo-gizon.

"Haka ne," ya ce. "Ga tururi nan ina gani."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallako dokin ƙofa. Na aika aka samo kifi, na turara, na kawo da hannu biyu na ajiye, kai na fuskantar inda ya kamata. Na raɗa wa Baotian cewa in ya taɓa farantin nan sai na karya masa yatsu da sabuwar wuƙata. Yaya ya manta da zazzaɓinsa, ƙyallen kan ma ya zame ya faɗa cikin miya. Ya sa tsinke ya ciro tsokar cikin gaba ɗaya, ya ɗora a kwanon ƙanensa, ya ce ya ci, ya zama kamar sandar shanya.

Har rana ta faɗi tukunyar ba ta huce ba.